MARIA MONTESSORI: LIKITAR DA TA KOYA WA YARA IBADA DA HANNUNSU

A manyan biranen ƙasar nan da wuya mutum ya yi tafiya mai nisa bai ci karo da allon wata makarantar ƙananan yara da aka liƙa wa sunan Montessori ba. Amma ba kowa ne ya san cewa wannan suna na wata mace ba ne, likita, mutuniyar ƙasar Italiya, wadda ta rasu tun cikin shekarar 1952. Waɗanda suka san tarihinta kuwa, akasari sun san ta ne ta fannin koyar da karatu da rubutu da lissafi. Akwai wani sashe na aikinta da ba a cika ambatarsa ba, watau yadda ta ɗauki wannan hanya tata ta kai ta cikin koyar da addini ga yaran ɗariƙar Katolika, wadda ita ma a cikinta aka haife ta, a cikinta kuma ta mutu. Abin da ta tsaya a kai duk tsawon rayuwarta shi ne, yaro da hannunsa yake fahimta, ko ana koya masa baƙaƙe ne ko ana koya masa ibada.

ASALINTA DA KARATUNTA

An haifi Maria Montessori ran 31 ga watan Agusta, 1870, a wani ƙaramin gari mai suna Chiaravalle cikin lardin Ancona. Mahaifinta, Alessandro Montessori, ma'aikacin Gwamnati ne a ƙarƙashin Ma'aikatar Kuɗi, mutum mai riƙo da al'adun iyaye da kakanni. Mahaifiyarta kuwa, Renilde Stoppani, mace ce mai son karatu ƙwarai, ita ce kuma ta riƙa goya wa 'yar tata baya a duk lokacin da ta nufi wata hanyar da ba a saba ganin mata a kanta ba. Canjin wurin aiki ya kai iyalin birnin Rum cikin 1875, a can ne yarinyar ta shiga makarantar elementare.

Tana da shekara 13 ta shiga makarantar koyon fasaha, inda galibin ɗalibai maza ne, da niyyar zama injiniya. Da ta gama cikin 1890 sai ta sake shawara, ta ce aikin likita take so. Mahaifinta bai ji daɗin wannan ba, hukumomin Jami'ar Rum su ma ba su yi marhabin da ita ba. Duk da haka ta fara da karatun kimiyya, ta ci jarrabawa, aka ɗauke ta a sashen koyon aikin likita cikin 1893. A wancan zamani ba a yarda mace ta tsaya tare da maza a gaban gawa ba, saboda haka sai ta riƙa komawa ɗakin fiɗa ita kaɗai bayan sauran ɗalibai sun tashi. Cikin 1896 ta sami digirinta, ta shiga sahun matan farko da suka zama likitoci a Italiya. A wannan shekara ce kuma ta wakilci ƙasarta a wani babban taron mata da aka yi a birnin Balin na Jamus.

ABIN DA TA GANI A GIDAN MASU TAƁIN HANKALI

Aikinta na farko ya haɗa ta da asibitin masu taɓin hankali na jami'ar. A gidajen da ake tsare irin waɗannan marasa lafiya ta tarar da yara masu raunin ƙwaƙwalwa an zube su cikin ɗakuna wayam, babu abin wasa, babu abin taɓawa. Masu kula da su suna kukan cewa yaran haɗamammu ne, domin da zarar an gama cin abinci sai su bi ƙasa suna tsintar ɓarɓashin burodi. Likitar ta dubi al'amarin ta wata fuska dabam. A ganinta hannuwan yaran ne ke jin yunwar abin yi, ɓarɓashin nan kuwa shi kaɗai ne abin da suka samu na murzawa.

Wannan ya sa ta duƙufa kan rubuce-rubucen wasu likitocin Faransa biyu, Jean Itard da almajirinsa Edouard Seguin, waɗanda suka riga ta gwada koyar da irin waɗannan yara ta hanyar gani da ji da taɓawa. Cikin 1900 aka naɗa ta ɗaya daga cikin shugabanni biyu na wata makarantar horar da malaman yara masu raunin ƙwaƙwalwa a Rum. Ba a daɗe ba wasu daga cikin yaran da aka riga aka yanke ƙauna a kansu suka zauna jarrabawar Gwamnati tare da yara masu lafiya, suka kuma ci. Jama'a suka yi ta mamaki. Ita kuwa abin da ya dame ta shi ne, wace irin koyarwa ake yi wa masu lafiyar har waɗannan suka kamo su?

A cikin waɗannan shekaru ne wani abin baƙin ciki ya same ta. Cikin 1898 ta haifi ɗa namiji, Mario, da abokin aikinta Dakta Giuseppe Montesano, ba tare da sun yi aure ba. Aka kai jaririn ƙauye wurin wasu mutane suka rene shi, tana ziyartarsa jifa-jifa ba tare da ya san ita ce mahaifiyarsa ba. Sai da ya kai wajen shekara 15 sa'an nan ya dawo hannunta, daga baya kuma ya zama babban mataimakinta har ƙarshen ranta. Cikin 1901 ta bar makarantar, ta koma jami'a ta karanci falsafa da ilmin tarbiyya.

GIDAN YARA

Ran 6 ga watan Janairu, 1907, aka buɗe ajinta na farko na yara masu lafiya a San Lorenzo, wata unguwar matalauta a Rum. Wani kamfanin gidaje ne ya gyara benayen haya a unguwar, ya ga yara ƙanana suna ɓata bango in iyayensu sun tafi aiki, sai ya ware ɗaki guda a tara su. Yara wajen 50 aka ba ta. Aka sa wa wurin suna Casa dei Bambini, watau Gidan Yara.

Ta fitar da manyan bencina, ta sa kafinta ya yi ƙananan kujeru da tebura waɗanda yaro zai iya ɗauka da kansa. Ta ajiye kayan aiki a kan kantoci gajeru inda hannun yaro zai kai, kowa ya zaɓi abin da ransa ke so. Yara suka koyi shara da wanke hannu da ɓalla maɓalli da zuba ruwa daga tulu zuwa kofi ba tare da ya zube ba. Aka yanka baƙaƙe da takardar nan mai kaushi da kafintoci ke goge katako da ita, yaro ya riƙa bin siffar harafi da yatsa yana faɗin sautinsa, har wata rana 'yan shekara 4 da 5 suka kama rubutu da kansu. Akwai kuma wani darasi na yin shiru, inda dukan aji za su natsu tsit, malama ta riƙa kiran sunan kowane yaro da raɗa, shi kuma ya taso a hankali ba tare da ƙara ba. Ba bulala, ba kyautar wanda ya zo na ɗaya. Aikin malama shi ne ta shirya ɗaki, ta nuna yadda ake amfani da kaya, sa'an nan ta ja da baya ta sa ido.

Cikin 1909 ta buga littafin da ya bayyana wannan hanya, aka fassara shi da Turanci cikin 1912, sunanta ya game duniya. Ta ziyarci Amurka cikin 1913, ta koma cikin 1915, inda a wani babban baje koli a San Francisco aka gina aji mai bangon gilashi domin jama'a su ga yara suna aiki.

HALIN DA KOYAR DA ADDINI KE CIKI

A wancan lokaci yaron Katolika yana koyon addininsa ne daga wani ɗan littafi na tambaya da amsa da ake kira katikizim. Malami ya karanta tambaya, yara su rera amsa, har su haddace. Babbar ibadar coci kuwa, wadda ake kira Mas, da harshen Latin ake yin ta, harshen da ba a magana da shi a gida ko a kasuwa. Yaro yakan zauna a kan benci mai tsawo, ƙafafunsa suna lilo, ba ya ganin abin da limami ke yi a gaba, ba ya kuma jin abin da ake faɗa, sai dai a yi ta tsawata masa ya natsu.

Cikin watan Agusta na 1910 Fafaroma Pius na 10 ya fitar da wata doka wadda ta sauya al'amura. Kafin wannan, a wurare da yawa ba a barin yaro ya karɓi Jibin Ubangiji, watau gurasar da Kiristoci ke karɓa a coci domin tunawa da jibin ƙarshe na Almasihu da almajiransa, sai ya kai shekara 12 ko fiye. Sabuwar dokar ta sauko da shi zuwa wajen shekara 7. Nan take tambaya ta taso wa limamai da malamai: ta yaya za a shirya ɗan shekara 7 ya san abin da yake yi, alhali ko karatu bai nuna a bakinsa ba?

Montessori ta riga ta fara hulɗa da ma'aikatan coci. Bayan girgizar ƙasar da ta rushe birnin Messina a ƙarshen 1908, wasu sistoci 'yan ɗariƙar Faransis sun karɓi marayu a gidansu da ke titin Giusti a Rum, aka kuma buɗe musu Gidan Yara a can. Yaran sun zo a firgice, ba sa ci, ba sa barcin kirki, amma a hankali aikin hannu da tsarin ɗakin suka maido musu da natsuwa. Wannan ya ƙara mata ƙarfin gwiwa cewa hanyar tata tana taɓa zuciyar yaro, ba ƙwaƙwalwarsa kaɗai ba.

GWAJIN BASALONA

Cikakkiyar dama ta zo ne daga ƙasar Sifen. Hukumomin yankin Kataloniya sun rungumi hanyarta, wani limami kuma mai suna Fada Casulleras ya daɗe yana neman yadda za a kusantar da ƙananan yara ga coci. Cikin 1915 almajirarta Anna Maccheroni ta tafi Basalona ta kama aiki, ita ma Montessori ta bi baya ta mai da birnin mazauninta na kusan shekara 20.

A makarantar Basalona aka shirya wa yara ɗakin ibada daidai tsayinsu. Kujerun ƙanana ne, kwanon ruwa mai tsarki da ke bakin ƙofa an saukar da shi inda hannun yaro zai kai, hotunan bango an rataye su daidai idonsa, ana kuma canza su bisa ga lokutan shekarar coci. Aka ba yara damar taɓa ƙananan kwatancin kayan ibada, su shimfiɗa ƙyalle a kan bagade, su jera kyandir da ƙoƙo, su koyi sunan kowane abu da amfaninsa. Suka san launukan rigunan limami, fari da ja da kore da shunayya, da lokacin da ake sa kowanne.

Abin da ya fi jan hankalin Montessori shi ne, ayyukan da yaran suka saba yi a aji sun zame musu shiri tun ba a nufa ba. Yaron da ya koyi tafiya ba ƙara, da ɗaga kujera a hankali, da ɗaukar kofin ruwa bai zubar ba, da zama shiru don ransa ya so, in ya shiga ɗakin ibada ba ya bukatar mai tsawata masa. Ladabin ya riga ya zauna a gaɓoɓinsa. A ganinta a nan ne waɗannan ƙananan darussa suka sami cikakkiyar ma'anarsu.

Ba a tsaya cikin ɗaki kaɗai ba. A filin makarantar yara suka shuka alkama, suka yi renon kurangar inabi. Da kaka ta yi suka girbe da hannunsu, aka niƙa alkamar aka yi gurasa, aka matse inabin, aka yi amfani da su a ibada. Ta haka yaron da aka gaya wa cewa gurasa da ruwan inabi su ne ginshiƙin Mas ya san daga inda suka fito, ya san watannin da aka yi ana jira da gumin da aka zubar. Gani ya kori ji. Masu shirin karɓar Jibin Ubangiji karo na farko kuwa, akan yi musu makonni ana shirya su, sa'an nan su keɓe na 'yan kwanaki cikin natsuwa kafin ranar.

Daga wannan gwaji ne ta kawo shawarar a riƙa ware wani ɗaki na musamman tsakanin aji da coci, ta kira shi atiriyum. Kalmar ta samo asali ne daga farfajiyar da ke gaban tsofaffin majami'u, inda masu neman shiga addini ke tsayawa ana koya musu. Kusan a ce zaure ne, inda baƙo ke zama ya kintsa kafin a shigar da shi cikin gida. Ta rubuta labarin wannan aiki a wani littafi da ya fito cikin 1922, wanda aka buga da Turanci cikin 1929. Cikin 1931 ta fitar da wani a kan shekarar coci, cikin 1932 kuma wani mai bayyana wa yara ma'anar Mas.

MASU SUKA

Ba kowa ne ya yi na'am da ita ba. Ko da yake Fafaroma Benedict na 15 ya sa wa aikinta albarka cikin 1918, wasu malaman Katolika sun ga cewa ta cika yarda da kirkin yaro. Koyarwar cocinsu ita ce ɗan Adam yana zuwa duniya da rauni mai jan sa ga saɓo, saboda haka a ganinsu wanda ya ajiye horo da lada ya bar yaro ya zaɓi abin da zai yi, ya saki linzami ke nan. Cikin watan Disamba na 1929 Fafaroma Pius na 11 ya fitar da wata wasiƙa a kan ilmin Kirista, inda ya gargaɗi jama'a game da sababbin hanyoyin da ke ba yaro 'yanci marar iyaka suna rage ikon malami. Bai ambaci sunanta ba, amma masu adawa da ita sun ɗauki wasiƙar makami.

Matsayinta a kan wannan bai sauya ba. 'Yancin da take nufi yana da iyaka: yaro zai zaɓi aikinsa ne daga cikin abin da malami ya riga ya tanada, ba shi da ikon cutar da wani ko ɓata kaya. Horon da aka ɗora daga waje, a ganinta, yakan tafi da zarar mai bulala ya juya baya, amma wanda yaro ya gina a cikin ransa ta hanyar aiki shi ne mai zama. A ɗaya gefen kuma, masu ra'ayin raba ilmi da addini sun zarge ta da kusantar coci fiye da kima. Ta haka ta sha suka ta gaba da ta baya.

GUDUN HIJIRA DA RASUWARTA

Siyasa ma ba ta bar ta ta huta ba. Mulkin soja da ya kama Sifen cikin 1923 ya takura wa harkokin Kataloniya, makarantar gwajin ta Basalona ta rufe cikin 1924. A Italiya, Mussolini ya fara da goyon bayanta, amma da ta ga ana so a mai da yara 'yan farati masu biyayya ido rufe sai suka ɓata, ta bar ƙasar cikin 1934, daga baya aka rufe makarantunta. Haka Gwamnatin Hitler ta yi a Jamus. Cikin 1929 ita da ɗanta sun riga sun kafa ƙungiyar duniya mai kula da hanyar tata, wadda hedkwatarta ke Amsterdam. Da yaƙin basasa ya ɓarke a Sifen cikin 1936 ta fice daga Basalona zuwa Ingila, daga nan ta zauna a Holan.

Cikin 1939 ta tafi Madras ta ƙasar Indiya domin horar da malamai. Yaƙin Duniya na Biyu ya rutsa da ita a can, da Italiya ta shiga yaƙin cikin 1940 kuma Turawan Ingila suka tsare Mario na ɗan lokaci, ita ma aka taƙaita zirga-zirgarta. Ba ta koma Turai ba sai 1946. A waɗannan shekaru ta horar da ɗaruruwan malamai mabiya addinai dabam-dabam, ta kuma tsara manhajar yara 'yan shekara 6 zuwa 12. Sau uku aka gabatar da sunanta domin lambar Nobel ta zaman lafiya, cikin 1949 da 1950 da 1951. Ta rasu ran 6 ga watan Mayu, 1952, a garin Noordwijk na bakin teku a Holan, tana da shekara 81, a daidai lokacin da take shawarar kawo ziyara Afirka. Aka binne ta a maƙabartar Katolika ta garin.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Irin da ta shuka a Basalona bai mutu ba. Shekara biyu bayan rasuwarta, cikin 1954, wasu mata biyu a Rum suka ɗauko aikin daga inda ya tsaya. Ɗaya ita ce Sofia Cavalletti, masaniyar harshen Ibrananci da Littafi Mai Tsarki, ɗayar kuwa Gianna Gobbi, malama wadda ta sami horo a hanyar Montessori. Suka shafe shekaru suna lura da abin da ke kama zuciyar yara, suna ajiye kayan da yara suka so, suna jefar da waɗanda ba su kula ba. Suka tarar ƙananan yara sun fi komawa ga misalin makiyayi mai kyau da ke cikin Linjila, wanda ya san tumakinsa yana kiran kowace da sunanta. Saboda haka aka sassaƙa ɗan garke na katako da makiyayi da tumaki, malama ta karanta nassin, ta bar yaro yana motsa su da hannunsa yana tunani. Daga nan tsarin ya sami sunansa, watau Koyarwar Makiyayi Mai Kyau. An raba shi mataki uku, na 'yan shekara 3 zuwa 6, da 6 zuwa 9, da 9 zuwa 12, ya kuma bazu zuwa makarantun firamare da majami'un Katolika a ƙasashe masu yawa, har wasu ɗariƙun Kirista irin su Angilika suka ara. Gobbi ta rasu cikin 2002, Cavalletti kuma cikin 2011.

Ƙasar Italiya, wadda ta taɓa rufe makarantunta, ta sa hotonta a kan takardar kuɗi ta lira 1,000 cikin 1990, aka yi ta amfani da ita har zuwan kuɗin yuro cikin 2002. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Montessori ba ta musa wannan ba, sai dai ta ƙara da cewa mai tanƙwarawar ya fara sanin iccen tukuna, ya lura da inda yake son miƙewa. Ɗaliban kwalejojin horon malamai da jami'an da ke tsara manhaja, kowane addini suke bi, suna da abin dubawa a tarihin wannan mace, wadda ta fara da yaran da ke tsintar ɓarɓashi a ƙasa, ta kuma yi shekara fiye da 50 tana roƙon manya su sunkuya su ga abin da hannun yaro ke nema.